MURYAR MAGAJIN GARI

Shafi na 14

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce idan ban ci gaba ba za ta kai ƙarata wajen matata. Kin makara, ita ma ta daɗe da fid da rai a kaina. Ciwon ƙugu ne ya kwantar da ni kwana shida, kada ku ce girman kai ne. Mu koma wajen Cleophus.

Yau kwana tara ke nan filin jirgin saman yana da shugabanni biyu. Majalisar jiha ta yi doka ta ƙwace shi daga hannun birni, birni ya garzaya kotu, alƙali ya ce a dawo ranar Alhamis. Kafin Alhamis ɗin ta zo, hukumar birni na zaune a hawa na uku tana ba da umarni, hukumar jiha na hawa na huɗu tana soke shi. Ma'aikata dubu goma sha ɗaya, kowa ya koyi gaisuwa iri biyu.

Cleophus Tate, mai kula da lasifikokin filin gaba ɗaya, shi abin ya fi faɗowa a ka. Tun fil azal, duk bayan minti ashirin muryar magajin gari ke yi wa fasinjoji maraba, kamar yadda kowane birni mai ji da kansa yake yi a nan kudancin Amurka. Mutanen hawa na huɗu suka aiko cewa a cire ta a sa ta gwamna. Na hawa na uku suka aiko cewa duk wanda ya taɓa muryar magajin gari ya taɓa aikinsa. Cleophus, da yake shekara hamsin da uku ba su zo masa a banza ba, ya kashe duka biyun, ya rubuta rahoto cewa na'ura ta lalace. Kwana tara yana gyaran na'urar da ta fi shi lafiya.

Ranar Talata, sha ɗaya da rabi na safe, yana ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, ya baje soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara a kan tebur, sai aka turo ƙofa ba ƙwanƙwasawa.

Dalton Prewitt ne, wanda gwamna ya naɗa ya shugabanci filin. Kafin naɗin, babban abin da ya taɓa gani yana tashi sama a garinsu shi ne jirgin feshin gonar auduga. Ya shigo da jakar takardu a hammata, yana yatsina hanci.

"Cleophus."

"Mista Tate," Cleophus ya gyara masa.

"Me ka ce?"

"Sunana ke nan a ɗakin nan. Cleophus na uwata ne da matata. Ita ma matar sai ranar da na yi laifi."

Prewitt ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya jawo kujera ya zauna.

"To Mista Tate. Ya jikin na'urar?"

"Da sauƙi. Muna jiran wani ƙarfe daga kamfani."

"Wane kamfani?"

"Mai nisa."

"Kunna mini gaisuwar magajin gari. A nan cikin ɗaki kawai, ba sai fasinjoji sun ji ba."

"Ai na ce maka ta..."

"Na turo injiniya jiya da ka fita cin abinci. Ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin na'ura mai tsabta kamar taka ba. Kunna."

Cleophus ya goge yatsunsa da takarda, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jiran a busa ƙaho kafin ya kai kan na biyar. Ba a busa ba. Ya danna.

Muryar ta cika ɗakin, kakkaura, mai sanyi, irin ta mai wa'azin coci da ya ƙoshi.

"Barkanku da sauka. Ni ne Lamar Whitlock, magajin garinku. Ko gida kuka dawo, ko wucewa kuke yi, birnin nan ya buɗe muku ƙofa. Ku leƙa sabon ɓangarenmu, kuma ku ci wani abu kafin ku tafi. Uwata ba ta yarda baƙo ya fita da yunwa."

"Daɗi," in ji Prewitt. "Har ta sa na tuna tawa uwar. Yaushe aka ɗauka?"

"Ban riƙe ba."

"Ni na riƙe. Tara ga Fabrairun bara, ƙarfe biyu da minti goma na rana, a wannan ɗakin. Ka san inda Lamar Whitlock yake a ranar?"

"Ni ba direbansa ba ne."

"Yana kwance a asibitin wani gari, da sunan dangin matarsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Ko ruwa yake so sai dai ya nuna da hannu. Har yau ɗin nan ba ya iya haɗa kalma biyar a jere. Shi ya sa kullum sai dai ya ɗaga hannu, yayarka ta karanta jawabi a madadinsa, a ce mana maƙogwaro ne."

Cleophus ya janye hannunsa daga na'urar.

Ku da kuka biyo mu tun shafin farko kun san baiwar da Allah ya ba shi, wadda ba ta taɓa saya masa ko safa ba. Tun suna samari, a shagon askin Mista Purvis, shi ke kwaikwayon murya: ta fasto, ta shugaban makaranta, ta mai karanta labaran yamma. Ta Lamar Whitlock kuwa, ko matar Lamar sai ta waiga. A ranar da Prewitt ya ambata, yayarsa Odessa, shugabar ma'aikatan ofishin magajin gari, ta same shi da 'yar takarda a hannu da jajayen idanu. Ta ce za a buɗe sabon ɓangare nan da sati uku, idan aka ji tsohuwar gaisuwa za a fara tambaya, idan aka fara tambaya mutanen majalisar jiha za su ji ƙamshin jini. Sau ɗaya kawai, Clee. Ya yi sau ɗayan, har da ƙara zancen uwa da yunwa daga aljihunsa, don shi ma yana da ɗan fahari.

"Ban san abin da kake nufi ba," ya ce.

"Ka sani." Prewitt ya zaro takarda ya shimfiɗa kusa da kifin. "Ba kai nake nema ba, Mista Tate. Kai ƙaramin alhaki ne. Ka sa hannu a nan cewa ofishin magajin gari ne ya umarce ka. Ranar Alhamis lauyoyinmu su tambayi alƙali: mutanen da suka yi wa fasinja miliyan arba'in ƙarya a kan muryar shugabansu, me kuma suka ɓoye a kan titin saukar jirgi? Shi ke nan. Kai kuma ka ci gaba da aikinka, har mu fito da kai daga wannan ramin mu ba ka ofis mai taga."

"In na ƙi fa?"

"Ka ajiye katin shaidarka yau ɗin nan. Sannan sa saƙon bogi a na'urar filin jirgi, gwamnatin tarayya ba ta ɗaukarsa wasan shagon aski."

Cleophus ya dubi takardar. Shekara ashirin da shida ya yi a filin nan. Bai iya komai ba ban da wayoyin nan da maɓallan nan, kuma ba ya jin akwai mai ɗaukar ɗan shekara hamsin da uku mai hawan jini da tabon kotu. Amma bakinsa, wanda bai taɓa shawara da shi ba, ya riga ya buɗe.

"Mista Prewitt, ka san wanda ake kira Hosea Tate?"

"A'a."

"Ba za ka sani ba. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar akwatunan irinku a ƙofar filin nan, tun lokacin da ba a yarda baƙar fata ya sha ruwa a famfon da ku fararen fata kuke sha ba. Ubana ne. A lokacin filin nan ciyawa ce da rumfa ɗaya, ko kyauta aka ba ku ba za ku karɓa ba. Mu muka yi kiwonsa. Da ya yi ƙiba sai kuka tuna ashe jiha ɗaya muke."

"Doka ce majalisa ta yi."

"Majalisar da rabin 'yan cikinta shanun mazaɓarsu sun fi mutane yawa."

"Ka kula da harshenka."

"Shi kaɗai nake da shi, yallaɓai, kai ma shi ka zo nema."

Ya sa yatsa ɗaya ya tura takardar ta koma. Man kifi ya bar mata tambari a gefe.

"Ba zan sa hannu a kan 'yar'uwata ba. Ka ɗauki katin. Ka ɗauki kifin ma in kana so, ya huce."

Ni da na san Cleophus, na san a lokacin yana jin kansa kamar jarumi, har yana tsara yadda zai ba da labarin a shagon aski ranar Asabar. Abin da ya ɗan dame shi kawai, Prewitt bai yi fushi ba. Agogo ya duba.

"Na yi zaton haka za ka ce. Shi ya sa na gayyato ta."

Ƙarar takalmi mai tsini ta taso daga ƙarshen baranda. Duk filin jirgin an san wannan takun. Odessa Tate ta shigo cikin kwat ruwan toka, gashi a gyare, tana huci kamar wadda ta hawo bene alhali saukowa ta yi.

"Dalton Prewitt, wa ya ba ka izinin tsare ma'aikacin birni?"

"Ma'aikacin jiha ne tun ɗaya ga wata, Miss Tate."

"A mafarkinka. Har alƙali ya yi magana, ko tsintsiyar filin nan ta birni ce. Clee, kada ka ce masa komai. Tashi mu tafi."

"Ban ce komai ba, Dessa." Ya ɗan buɗe ƙirji. "Ya kawo takarda in sayar da ke, na mayar masa da abarsa."

Maimakon ta dube shi, sai ta dubi bango.

"Ɗan halak ne ƙaninki," in ji Prewitt. "Ke za ki faɗa masa, ko ni?"

"Wannan maganar ta kotu ce. Ba ka da hurumin..."

"Lauyoyinku suka shigar da ita da safen nan, ai ta zama ta kowa." Ya zaro takarda ta biyu, ya ɗora a kan ta farko. "Karanta, Mista Tate. Sakin layi na huɗu."

Cleophus ya lalubo tabarau a aljihun riga. Ya karanta sau ɗaya. Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa, ko laifin gilashin ne.

Takardar ta ce ofishin magajin gari ya gano, cikin matuƙar takaici, cewa wani ma'aikacin sashen sanarwa ya kwaikwayi muryar magajin gari bisa raɗin kansa, ba da sanin kowa ba. Ta ce rajistar ƙofa ta nuna katin mutum ɗaya tak aka yi amfani da shi wajen shiga ɗakin a ranar. Ta ce birni zai ɗauki mataki a kansa. A ƙasa akwai sa hannun da ya sani tun lokacin da take sa masa hannu a katin sakamakon makaranta don kada Mama ta gani.

"Katin mutum ɗaya," ya ce a hankali.

Dokar filin jirgi ce da ko sabon mai shara ya haddace: ƙofa ɗaya, kati ɗaya, mutum ɗaya. Ka dangwala katinka, ka shiga, ka bar ƙofa ta rufe a fuskar na bayanka ko da fasto ne. Amma uwarsa, Miss Vernell Tate, ba ta yi renon ɗan da zai shige gaban mace ya bar ƙofa ta buge ta ba. A ranar, ya dangwala katinsa, ya ja ƙofa ya riƙe, ya ce wuce, Dessa. Ta wuce, katinta na rataye a wuya bai taɓa komai ba.

"Ni na riƙe miki ƙofar."

"Clee..."

"Da hannun nan. Har kika ce Mama ta iya tarbiyya."

"Saurare ni."

"Kin san abin da kike yi tun a ranar?"

"Ban sani ba! Na rantse da kabarin Baba ban sani ba. Lauyoyi ne suka gano a rajista satin jiya."

"Suka gano, ke kuma kika ce an gode Allah."

"Kada ka yi mini haka a gaban mutumin nan."

"Ai ke kika fara kai ni gabansa. Yaushe kika sa hannu?"

Ta hau gyara wuyan kwat ɗinta.

"Akwai kwanan wata a ƙasa," in ji Prewitt cikin taimako. "Juma'a."

"Juma'a." Cleophus ya gyaɗa kai. "Ranar Lahadi bayan coci muna teburin Mama. Ke kika zuba mini wake da ganye. Kika ce in ƙara, na rame. Ashe kiwo kike yi."

"Cleophus Tate, ka dawo hayyacinka!" Muryar yayar ta dawo, wadda ta saba ja masa kunne da ita. "Kana tsammanin daɗi na ji? Sun riga sun gano muryar. Idan aka ce ofis ne, ranar Alhamis filin ya tafi, ya tafi har abada. Mutum dubu goma sha ɗaya, rabinsu daga unguwarmu. Masu shaguna, masu tasi, 'ya'yan mutanen da Baba ya yi dako tare da su. Kana ganin wannan mai warin takin zai bar ɗaya daga cikinsu? Wata shida zai cika wurin da 'yan garinsu. Filin nan ya fi ka, ya fi ni."

"Ya fi ni dai. Ke ga sunanki can a ƙasan takarda, lafiya lau."

"Idan na faɗi, Lamar ya faɗi. Idan Lamar ya faɗi..."

"Lamar ya faɗi tun bara, Dessa. Ni nake riƙe da shi."

"Za mu kula da kai. Na riga na yi magana da lauya, ya ce da wuya a ɗaure ka. Ka yi shiru kawai har a wuce Alhamis."

"Da wuya."

"Haka ya ce."

"Da kin tambaye ni ma, wataƙila da na yarda. Ni ai wawa ne, kowa ya sani. Kin taɓa roƙona abu na ƙi?"

"Ba ni da lokacin lallashi."

"Mama ta sani?"

"Kada ka sa Mama a ciki. Shekararta tamanin da ɗaya."

Prewitt ya cire murfin biro ya ajiye shi a kan takardar farko, a hankali, kamar mai miƙa wa maƙwabci gishiri.

"Tayina yana nan, Mista Tate. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ka ga su ba su jira ka ba."

"Kai kuma rufe mana baki," in ji Odessa, "kura da fatar akuya."

"Ni dai ban sayar da ƙanina ba."

"Don ba wanda zai saya!"

Cleophus bai dubi ko ɗayansu ba. Takardu biyun yake kallo. Idan ya sa hannu a ta farko, ya tsira da aikinsa, ya miƙa wa mutanen hawa na huɗu filin da ubansa ya ƙare ƙashin bayansa a ciki, kuma ba zai sake shiga shagon Mista Purvis ba har ya mutu. Idan ya bar ta biyu ta tsaya, shi ne maƙaryacin da ya ci amanar birni, a jarida, a coci, a gaban jikokinsa.

"Dessa," ya ce, "takardarki ba ta ambaci ɗayan ba."

"Wane ɗayan?"

"Na ranar jajibirin zaɓe. Wanda aka buga wa mutane a waya gida-gida. Shi ma raɗin kaina ne?"

Fuskarta ta sauya kamar an watsa mata toka.

Prewitt ya miƙe zaune. "Wane saƙo ne na jajibirin zaɓe?"

"Ba komai. Ɗimuwa ce ke damunsa. Clee, ka yi wa girman Allah."

"Mista Tate, idan akwai wani saƙon, ofishin mai taga ya yi maka kaɗan. Faɗi abin da kake so."

"Idan ka ƙara kalma ɗaya, ba ni ba kai. Ko a jana'izata kada in gan ka."

"Sa hannu, na ba ka minti ɗaya."

"Na umarce ka da sunan birni ka tashi ka bi ni."

"Ni kuma da sunan jiha na ce ka zauna!"

Agogon bango ya nuna sha biyu daidai, lokacin da filin ya fi cika. Cleophus ya naɗe sauran kifinsa a takarda, ya ture gefe. Ya tura kujerarsa mai taya ta gangara zuwa ƙarshen tebur, inda wani jan maɓalli yake a ƙarƙashin murfin roba. Na sanarwar gaggawa ne. Idan aka danna shi, kowace lasifika a filin tana buɗewa, daga ƙofofin shiga jirgi saba'in da biyu har banɗakuna da wurin ajiye motoci, kuma duk abin da aka faɗa a ɗakin, ko tari ne, kowa zai ji.

Ya ɗaga murfin.

"Me kake yi?" in ji Prewitt.

"Gwada na'ura. Ƙarfen ya iso."

"Clee, kada..."

Ya danna. Ƙararrawar sanarwa ta buga sau uku, suna jin amsa-kuwwarta ta saman silin. Jar fitila ta kama a kan makirufo.

Odessa ta toshe bakinta da tafin hannu. Prewitt ya tsaya da hannu a miƙe, bai kai ga wayar makirufon ba. Karon farko cikin kwana tara, birni da jiha suka yi shiru tare.

Cleophus ya jawo makirufo. Ya sauke haɓa, ya buɗe kafaɗu, ya yi gyaran murya irin wanda duk mai shekara arba'in a birnin nan zai gane ko daga barci aka tashe shi.

"Barkanku da rana, jama'a. Ni ne Lamar Whitlock, magajin garinku. Ku ajiye akwatunanku. Akwai maganar da aka hana ni faɗa muku tun bara."